Yabon "Kasuwanci a Jini Yake" Ba Ya Buɗe Ƙofar Banki

Wani ɗan'uwa da ya daɗe a Ingila ne ya ba ni haushi da magana ɗaya. Ana hirar wata cibiya da ke Jami'ar Aston a birnin Birmingham, wadda ba ta da aikin da ya wuce binciken kasuwancin baƙi da tsirarun ƙabilu, sai ya kaɗa hannu ya ce: "Malam, ɓarnar kuɗi ce kawai. Ɗan Pakistan da ɗan Indiya da ɗan Somaliya, wa zai koya musu kasuwa? A jininsu take. Farfesan da bai taɓa sayar da ko allura ba, me zai gaya musu?" Mutanen wurin suka yi ta gyaɗa kai.

Ni dai ban yarda ba. Wannan bincike yana da amfani, kuma ya kamata jami'o'i su ci gaba da shi. Babban amfaninsa ma shi ne rusa wannan magana ta "a jini yake". A kunne tana da daɗi, amma wanda ake yabon shi take cuta. Da zarar an ce mutum da kasuwa aka haife shi, to an sallami banki, an sallami gwamnati, an sallami manyan kamfanoni. Babu wanda zai sake tambayar dalilin da ya sa ya kwashe shekara ashirin a shago ɗaya, yana buɗewa kullum har ranar hutu, bai taɓa iya buɗe na biyu ba.

Cibiyar ana kiranta CREME, Farfesa Monder Ram ne ya kafa ta a Jami'ar De Montfort da ke Leicester, daga baya ta dawo Birmingham. Zaman nata a nan ya dace. Ƙidayar 2021 ta nuna sama da rabin mutanen birnin ba fararen fata ba ne, kuma kusan kashi 30 cikin ɗari Musulmi ne. Wanda ya taɓa bin titin Alum Rock ko Ladypool ko Soho ya san shagunan nan ba ado ba ne a gefen tattalin arzikin birnin. Da su unguwanni da yawa suke numfashi.

Wa ya tura su shago?

Mafi yawan mutanen da suka zo Birmingham daga yankunan Mirpur da Punjab da Sylhet na kudancin Asiya a shekarun 1950 da 1960 ba shago suka zo buɗewa ba. Aikin ƙarfi suka zo yi a masana'antun narkar da ƙarfe da na haɗa motoci. Manoma ne da yawansu a gida. Da masana'antun suka fara rufewa a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, su ne kan gaba a sallama, kuma su ne na ƙarshe da ake kira idan wani gurbi ya samu. Mutum ya karɓi ɗan kuɗin sallamarsa, ya haɗa da na ƙaninsa da na surukinsa, ya kama shagon kwana ko tasi ko gidan abinci. Idan da a jini yake, me ya hana shi fitowa tun ranar da suka sauka daga jirgi?

Wasu masu bincike a Holan, Robert Kloosterman da Jan Rath da abokiyar aikinsu, sun yi wa abin kyakkyawan bayani a 1999, suka kafa misali da mahautan halal na ƙasar. Sana'ar da ba ta buƙatar babban jari ko takardar makaranta, kowa zai iya shiga, don haka kowa ke shiga. Mahauci ɗaya a layi sai su zama biyar, masu sayen naman kuwa ba su ƙaru ba. Daga nan sai karya farashi, sai tsawaita lokacin aiki, sai a jawo mata da yara su taya aiki ba albashi. Monder Ram da abokin aikinsa Trevor Jones sun daɗe suna nuna haka lamarin yake a Birtaniya: zumunci da al'ada suna taimakawa, amma kasuwar da aka bar wa mutum da dokar da ke kansa su ke yanke iyakar inda zai kai.

A leƙa gidan abinci ɗaya a irin waɗannan unguwanni. Maigidan yana kan tukunya daga la'asar har tsakar dare. Ɗan yayarsa na kan waya yana karɓar oda. Manhajar da ke kai wa mutane abinci gida tana yankar la'adarta mai tsoka a kan kowane kwano, ga kuɗin haya, ga wuta da gas. A layin kuma akwai wasu irinsa da dama, duk shinkafa da kaza ɗaya suke sayarwa. Wanda ya wuce ta waje ya ga fitilu da cunkoso zai ce arziki ya zauna. Wanda ya zauna da maigidan ya duba littafinsa zai tarar, idan aka raba ribar da awannin da ya yi a tsaye, wani lokacin yaron da ke share kanti a cikin gari ya fi shi samu. Zaman duba littafin nan shi ne aikin mai bincike, kuma shi ne abin da masu gyaɗa kai ba su taɓa yi ba.

Alƙaluma sun goyi bayan haka. Rahoton da Bankin Kasuwanci na Birtaniya ya fitar a 2020 ya nuna matsakaicin cinikin shekara na ɗan kasuwa baƙar fata fam 25,000 ne, na farar fata kuwa fam 35,000. Wani binciken na shekarar ya duba jarin da masu zuba kuɗi a sababbin kamfanoni suka raba tsakanin 2009 da 2019, ya tarar abin da ya je hannun baƙar fata kashi 0.24 ne cikin ɗari. Ko kashi ɗaya bai kai ba.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan, don mu ma ana yi mana irin yabon a kudancin Najeriya da Gwanja. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da bincikensa a 1969. Abin da ya gano game da riƙon da suka yi wa cinikin goro da shanu ba jini ba ne, tsari ne. Akwai maigida da ke saukar da fatake, ya ba su masauki da abinci. Akwai dillali da ya san kowane mahauci da halinsa wajen biya. Ana ba da shanu bashi, maigida ya tsaya a matsayin lamuni, kuma wanda ya ci amana labarinsa zai riga shi isa arewa. Tsarin ya yi aiki ƙwarai, amma yana da iyaka. Da kasuwar Shasha ta Ibadan ta ƙone a rikicin Fabrairun 2021, mutumin da dukiyarsa ke cikin buhunan albasa da bashin da ke bakin mutane, da wace takarda zai nuna asararsa? Ina so in ga malaman jami'o'inmu sun zauna da 'yan kasuwar Sabo da Mile 12 da zangon Kumasi zama na shekaru, ba na raba takardar tambayoyi a tafi ba. Kuma su yi wa Ibon Sabon Garin Kano irin wannan zama, don a can mu ne masu rinjaye.

Maganar banki, da abin da ba kowa ke son ji ba

Wani zai ce ai an san amsar tun kafin a yi binciken: bankuna na nuna wariya, shi ke nan. A nan ne nake ƙara girmama aikin jami'a, domin ba ya faɗa wa kowa abin da yake son ji.

Stuart Fraser na Jami'ar Warwick ya bi diddigin rancen ƙananan 'yan kasuwa a Birtaniya, ya wallafa sakamakon a 2009. Ya tabbatar an fi hana baƙar fata da 'yan asalin Bangladesh rance. Amma da ya tona, ya ga mafi yawan bambancin yana komawa ga abubuwan da banki ke aunawa a kan kowa, kamar tarihin biyan bashi da yadda asusun mutum ke tafiya. Ya kuma ga wani abu dabam: mutane da yawa da ke buƙatar rance ba sa ma nema, don sun riga sun yanke cewa za a hana su.

Masu kare bankuna sun so su tsaya a rabin farko su ce ga shi nan, babu wariya. Ni ban ga haka ba. Tambayar ta koma baya ne da taki ɗaya kawai. Me ya sa wannan yake da gidan da zai bayar jingina, wancan ba shi da shi? Wanda kakansa ya sayi gida a 1960 da wanda ya iso a matsayin ɗan gudun hijira a 2005 ba su tashi daga wuri ɗaya ba. Ma'aunin banki bai san launin fata ba, amma ya san gado, gado kuwa ya san launi.

Ga kuma adashi. 'Yan Pakistan suna da nasu da suke kira kameti, 'yan Jamaika suna da pardna, Somaliyawa suna da hagbad. Mace za ta shekara goma tana zubi duk wata ba ta taɓa fashi ba, ta ɗauki kwasarta ta sayi keken ɗinki ko firjin shago. A unguwarsu kowa ya san ta da cika alkawari. A kwamfutar banki kuwa ba ta da tarihi ko na sisin kwabo, don ba ta taɓa cin bashin banki ba. Haka Musulmin da ke gudun kuɗin ruwa: ba hana shi aka yi ba, abin da ke kan tebur ne ba zai iya ci ba. An kafa bankin Musulunci a Birtaniya tun 2004, wanda yanzu ake kira Al Rayan, kuma a Birmingham ya yi sansani, amma ƙaramin ɗan kasuwa mai neman jarin juyawa na 'yan dubban fam har yanzu zaɓinsa kaɗan ne.

Kowace daga cikin waɗannan matsaloli maganinta dabam. Wanda bai nema ba saboda tsoro, jami'in banki ya fito unguwa ya same shi. Mai adashi, a nemo hanyar da zubinta zai zama shaida. Mai gudun ruwa, a kawo masa rance irin wanda addininsa ya yarda da shi. Ihun "wariya" kaɗai ba zai rarrabe su ba, musun "babu wariya" ma haka.

"To talakan Bature fa?"

Wannan ƙorafin ba na raina shi. Akwai garuruwa a arewacin Ingila da aka rufe ma'adinan kwal da masaƙunsu, kusan farar fata ne zalla, kuma talauci ya yi musu katutu. Idan mutumin can ya ji ana ware cibiya don tsiraru, yana da haƙƙin ya tambaya, ni fa?

Abu na farko, dokar Birtaniya ba ta yarda a ware wa wata ƙabila kwangila ko gurbin aiki a hana wata ba. Abin da ake yi shi ne nuna wa mutum ƙofar da bai san da ita ba. Daga wani gwaji da CREME ta yi a yankin Leicester aka samu ƙungiyar MSDUK a 2006, wadda ke haɗa manyan kamfanoni da 'yan kasuwa tsiraru masu iya kawo musu kaya ko yi musu aiki. An ɗauko dabarar ne daga Amurka, inda irin wannan ƙungiya ke aiki tun 1972. Babu wanda ake ba kwangila don launinsa. Ana sa shi ne cikin waɗanda za a duba farashinsu.

Wanda bai taɓa ganin takardar neman kwangilar babban kamfani ko majalisar birni ba, ba zai gane girman katangar ba. Ana neman lissafin kuɗi na shekaru da akanta ya sa wa hannu, inshora ta miliyoyin fam, rubutacciyar manufa kan lafiyar ma'aikata, wata kan muhalli, da shaidar cewa ka taɓa yin aiki mai girman wannan. Mai gidan abincin da ya iya ciyar da mutum ɗari biyar a biki ba tare da an yi ƙorafi ba, a shafi na uku zai ajiye biro. Jami'in sayen kaya kuma, ba don mugunta ba, wanda ya sani yake kira, wanda ya sani kuwa wanda suka yi makaranta tare ne ko suka haɗu a taro. Idan bincike ya sa an rage kaurin takardar nan, an yanka babbar kwangila gida-gida yadda ƙarami zai iya ɗauka, to ɗan Baturen da ke da ƙaramin kamfani a garin kwal shi ma ya samu. Katangar ɗaya ce, tsiraru ne dai suka fi cin karo da ita.

Inda na yarda da masu suka shi ne wajen tara mutane a buhu ɗaya. Indiyawan da Idi Amin ya kora daga Uganda a 1972 sun iso ba kuɗi, har majalisar birnin Leicester ta buga talla a jaridar Uganda tana roƙon kada su zo. Amma sun zo da Turanci, da ilimi, da gogewar riƙe kamfani. Cikin shekaru kaɗan suka farfaɗo, kuma yau da su ake kafa hujjar "jini". Haɗa jikokinsu da matar da ta fito daga sansanin gudun hijira da 'ya'ya huɗu a ƙarƙashin suna ɗaya, a ce duk "tsiraru" ne, zalunci ne ga matar. Duk shirin tallafin da bai rarrabe ba, masu ƙarfin cikin tsirarun ne za su cinye shi, su ne suka iya cika fom, su ne ake gayyata liyafar karramawa.

Na cikin kicin

Akwai abin da mu masu goyon bayan 'yan kasuwa tsiraru ba ma son a taɓo, kuma dole a taɓo shi. Wani lokacin wanda aka danne a waje shi ne mai danniya a cikin shagonsa.

Bayan an kafa dokar mafi ƙarancin albashi a Birtaniya a 1999, Monder Ram da abokansa sun shiga gidajen abinci da ƙananan masana'antun ɗinki, suka rubuta yadda ake kauce mata: a rubuta awanni kaɗan a takarda, a yi aiki da yawa, a biya a hannu. A 2020 kuma duniya ta ji labarin wasu masana'antun ɗinki a Leicester inda aka ce ana biyan ma'aikata kusan fam uku da rabi a awa, alhali doka ta ce sama da fam takwas. Masu masana'antun da ma'aikatan, da yawansu daga al'umma ɗaya suke. Gaskiya ne manyan kamfanonin tufafi ne ke matsa farashi har ya zama ba a iya biyan albashin doka. Amma wannan ba ya mayar wa matar da ke kan keke kuɗinta.

Don haka idan ana maganar kasuwancin da ya haɗa kowa, ni ba na ƙirga masu shaguna kaɗai. Ina tambayar mai wanke kwanuka, da matar maigida da ke riƙe lissafi shekara da shekaru sunanta ba ya kan komai, da sabon zuwan da ba shi da bakin ƙorafi don "ɗan'uwa" ne ya ɗauke shi. Ƙungiyar 'yan kasuwa ba za ta fito da wannan ba, don mambobinta ne. Ɗan siyasa ba zai fito da shi ba, don yana neman ƙuri'ar unguwar. Jami'a ce kaɗai ke da 'yancin faɗa, kuma ranar da ta daina faɗa don kada ta ɓata wa abokan hulɗarta rai, ranar na daina kare ta.

Rahoto a kan rahoto

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na gajiya. Tun bayan tarzomar unguwar Brixton ta London a 1981, rahoton alƙali Lord Scarman ya yi maganar taimaka wa baƙar fata su kafa kasuwanci. Sama da shekara arba'in ke nan. An buɗe shirye-shirye, an rufe. Ofisoshin Business Link da ke ba ƙananan 'yan kasuwa shawara ido da ido an rufe su a 2011, hukumomin raya yankuna suka bi su a 2012. Ɗan kasuwa ya saba da jami'i, ya fara yarda da shi, sai kuɗin shirin ya ƙare, wani sabo ya zo da sabon fom yana tambayar abin da aka riga aka tambaya. Idan irin wannan mutum ya ga mai bincike ya ɗaure fuska, yana da hujja.

A 2022 CREME ta fitar da babban rahoto da tallafin bankin NatWest, mai shawarwari 10. Ya ce kasuwancin tsiraru na zuba kusan fam biliyan 25 a tattalin arzikin Birtaniya duk shekara, kuma zai iya kai biliyan 100 idan aka cire shingayen. Biliyan 25 ɗin lissafi ne. Biliyan 100 ɗin hasashe ne, kuma ba na son yadda ake yawo da shi a taruka kamar kuɗin na ajiye a wani wuri. Ban kuma ji daɗin cewa sai an nuna wa ƙasa ribar da za ta ci kafin ta yarda a yi wa mutane adalci ba, ko da yake na san da wannan harshen ake shawo kan ma'aikatar kuɗi. Kuma idan banki ya ɗauki nauyin binciken da ya shafi bankuna, dole mai karatu ya buɗe ido.

Duk da haka, abin da ya bambanta cibiyar a wurina shi ne ba ta tsaya a rubutu ba. Ta yi aiki kai tsaye da ƙungiyar haɗa kan al'umma ta Citizens UK a unguwannin Birmingham, da masu gidajen abinci 'yan Bangladesh, da ƙungiyar ACH mai taimakon 'yan gudun hijira. Ana zaunar da mai shago da jami'in banki da na majalisar birni a ɗaki ɗaya, a unguwar mai shagon. Wanda a da sai dai a yi magana a kansa, yanzu shi ke faɗin abin da ke damunsa da bakinsa, mai bincike na rubutawa, kuma daga baya a dawo a tambayi jami'in me ya yi.

Abu biyu nake so a ƙara. A daina ba irin wannan aiki kuɗin shekara ɗaya ko biyu, don amanar mai shago ba ta samuwa a wannan tazarar. Na biyu kuma ya shafi alƙaluma. Bayan binciken da wata babbar jami'ar banki, Alison Rose, ta jagoranta a 2019 kan mata 'yan kasuwa, an kafa wata yarjejeniya da bankuna da masu zuba jari ke sa wa hannu, suna miƙa bayanin kuɗin da suka ba mata duk shekara. Alison Rose kuwa a lokacin a NatWest ɗin take, ita ce ma ta zama shugabarsa a ƙarshen shekarar. A yi wa tsiraru irin wannan, kuma a rarrabe: 'yan asalin Somaliya nawa suka nemi rance, nawa aka ba, nawa aka hana, 'yan Bangladesh nawa, 'yan Najeriya nawa, 'yan Jamaika nawa, maza nawa mata nawa. A buga shi a fili kowace shekara, banki-banki, yadda ɗalibin jami'a da mai shago a Alum Rock duk za su iya dubawa su kwatanta bana da bara.